Gasasshiyar Dinya A Jajimaji

Duk wanda ya tashi daga Nguru ya miƙi hanyar Gashua, tafiyar da ba ta cika kilomita 70 ba, to ba makawa sai ya ratsa ta Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe. Galibin matafiya ba su tsayawa sai don salla ko shan ruwa, watakila domin garin ba shi da tashar jirgin ƙasa irin ta Nguru, inda dogo ya iso a 1930, ba shi kuma da fada irin ta Mai Bade da ke Gashua. Amma Allah ya ajiye shi a kan iyakar ƙasa iri biyu. In ka dubi arewa, sai jigawa da gonakin gero da itatuwan ƙaro har ka dangana da Nijar. In ka juya kudu kuwa, fadama ce shimfiɗe, wadda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala a cikinta kowace damina, kafin su haɗu kusa da Gashua su zama kogin Yobe.

A wannan fadama dinya take zaune. Kada mai karatu ya haɗa ta da ɗinya ta itace. Wannan tsuntsuwa ce, ita ce mafi girma cikin dangin agwagin daji na Afirka, har babban namiji yakan kai kilo 6. Baƙa ce mai farin ciki da jan baki, tana kuma da wani ƙashi mai tsini kamar ƙaya a gwiwar kowane fiffike, wanda da shi take faɗa. Sauran tsuntsaye da yawa baƙi ne, suna ƙetaro hamada daga Turai da hunturu su koma kafin bazara, amma ita 'yar ƙasa ce: da damina take ƙwai, tana kiwon bado da ciyawa, tana kuma yi wa manoman shinkafa ɓarna ba kaɗan ba.

Turawa ma sun san gashin dinya. A Jamus akan gasa ta ranar 11 ga Nuwamba da kuma Kirsimeti, a cusa mata tuffa da albasa a ciki. Sai dai tasu ta gida ce, an turke ta ta yi kitse, har sai an huda fatarta da tsinke don mai ya tsiyaye. Ta Jajimaji ba mai ba ta hatsi. Kullum tana cikin tashi da iyo, saboda haka namanta ja ne, mai tauri, kitsensa kaɗan. Watau abin da Bature ke neman ya rage, shi mai girkin nan ke neman ta ƙara.

Abincin biki a nan, kamar ko'ina, rago ne da kaji. Dinya sai gidan da ke da maharbi. Na taki sa'a na sauka a irin wannan gida ana gobe walimar ɗaurin aure, uwar maigidan, wata dattijuwa Bamanga, ta yarda in zauna gefe in ga aikin. Da farko ta duba ƙayar fiffike, ta ce, "Ɗan nan, in ka ga ta yi tsawo ta yi tauri, tsohuwa ce, sai dai miya." Wannan kuwa gajera ce. Bayan an fige an gyara, aka jiƙa ta cikin ruwan tsamiya, sa'an nan aka murje ta ciki da waje da dakakken citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da gishiri, aka rufe ta kwana.

Da asuba aka dafa shinkafar fadama, ba a bari ta nuna ba aka sauke. Aka soya hanta da ƙundu da albasa da attaruhu cikin man shanu, aka gauraya da shinkafar, aka cusa a cikin tsuntsuwar, ba a cika dam ba domin shinkafa za ta kumbura, aka ɗinke da zare. Rami aka haƙa a tsakar gida, aka hura wuta har ta zama garwashi, aka ɗora babbar tukunya da murfi, aka zuba garwashi a kan murfin kuma. Jim kaɗan sai ta buɗe ta shafe ta da man shanu, haka har awa uku da 'yan kai. Ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya. Cinya ta soka, da ruwa ya fito garau babu ja sai ta ce a sauke. Ni dai a ganina shinkafar cikin ta fi naman daɗi, kuma na lura dattawa ita suka fara kai wa hannu.

Akwai abin da ya kamata mai sha'awar wannan gashi ya sani. Masana sun gano cewa a wasu sassan Afirka ta Yamma dinya takan ci ƙwaron nan hangara, mai cin furen gero, dafinsa ya taru a namanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Sa'an nan akwai doka. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya ziyarta a 1989, yana cikin gandun dajin tarayya na Tafkin Cadi tun 1991, an kuwa hana farauta a cikinsa. Abin takaici shi ne masu kama dinya da rani lokacin da ta zubar da gashin fiffike, ta yi makonni ba ta iya tashi. Wannan ba farauta ba ce, kwasa ce.

Amma ba maharbi ne babban abokin gābanta ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ga kuma fari na 1984 a tsakani, ambaliyar da ke cika fadama ta canja hali. Dā ruwa ya zo da ƙarfi ya janye, ƙasa ta bushe. Yanzu a wasu wurare yana kwance shekara zagaye, a wasu kuma ba ya isa. Inda ya kwanta sai kacala ta mamaye, ta toshe magudanai irin na Marma, ta kori bado da shinkafa, ta zama makwancin jan baki mai cinye gero. A shekarar 2000 an sa tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin duniya da ake kiyayewa, amma har yanzu a ƙauyuka da yawa da lauje da kwalekwale mutane ke shiga gayya suna saran kacala, ruwa iya ƙirji, don su buɗe wa ruwa hanya zuwa gonakinsu.