Marsandi Uku, Kuɗin Sallama Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin yadda na sayi mota, ko wani ya ƙaru.

Na shekara 35 ina koyarwa. Da aka biya ni kuɗin sallama sai na ƙudura sayen mota, domin zirga-zirga daga Kunci zuwa Bichi da Kano bisa babur ta fara gagarar gwiwata. Ba na ɓoye muku, tun ina ƙaramin malami raina ke kan Marsandi. Na kuwa nufi mai shan gas, don ba ta zuƙar mai kamar ta fetur, ga shi tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 ratar da ke tsakanin farashin biyun ta ragu.

A Kano dillali ya nuna mini guda uku, duk sun ci ƙuruciyarsu a Turai. Biyu irin ƙirar nan ce da ake kira V-boot, wadda aka fara yi a Jamus a ƙarshen 1984. Ɗaya 250D, silinda biyar, ƙarfin doki 90. Ɗaya 300D, silinda shida, ƙarfin doki 109. Ta ukun ƙanwarsu ce, E220 CDI, irin da ta fito a 1998. Silindarta huɗu kurum, amma ta fi su duka gudu, kwamfuta ce kuma ke auna mata mai. Da na zauna a cikinta, jama'a, sai na ji kamar an naɗa ni hakimi. Saura kaɗan in ƙirga kuɗi nan take.

Allah ya sa na ce a bar ni in kwana da shawara. Kashegari na komo da wani makanike na Bichi, wanda na koya wa lissafi yana aji huɗu. Ya buɗe kowace ya saurari kukanta, sa'an nan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a ina za ka riƙa shan gas?" Na ce inda na samu, ko gidan mai ko jarka a bakin hanya. Ya ce to, nan maganar take. Injin CDI yana tura mai da matsi mai tsanani ta kafofin da suka fi tsinin allura ƙanƙanta, saboda haka ɗan ruwa ko ƙurar da ta shiga jarka sun isa su kashe nozul. In kuwa ta mutu mini a Kunci, shi ba abin da zai iya sai a jawo ta Kano a sa mata na'ura ta faɗi ciwonta. Amma tsofaffin biyu famfonsu na ƙarfe ne zalla, da kunne da sifana ake gyaransu, kayansu kuma ana samu a Ƙofar Ruwa.

Raina ya sosu, na ce to, a ba ni mai shida, ko ba kome in huce da ƙarfinta. Nan ma ya girgiza kai. Ya ce ba ya musun ta fi daɗin tafiya, amma kan injin nan ya yi suna wajen tsagewa in ya yi zafi fiye da kima, ni kuwa zan riƙa kutsawa da ita cikin rairayi a watan Afrilu, ɗauke da buhunan gero. Ta kuma fi shan mai. Ya tambaye ni nawa fanshona a wata. Ban ba shi amsa ba. Abin da ciwo yaron da ka koya wa raba-dai-dai ya juyo yana yi maka lissafi, ya kuma ci.

Mai biyar na saya. Ba zan yabe ta fiye da yadda take ba. Da hunturu sai na zauna ina jiran fitilar hita ta mutu kafin in tayar, in ta tashi kuwa uwargida ta ce an kunna injin niƙa. A hanyar Bichi 'yan Golf na haya suna wuce ni suna ɗaga mini hannu, ban sani ba ko gaisuwa ce ko ba'a.

Da damina ta bara ina komowa daga Kano da rana, abin cajin batir ya lalace tun wajen Dawanau. Motar ba ta ko yi tari ba, domin irin wannan inji in ya tashi ba ya bukatar wuta. Ta kawo ni har ƙofar gida, da safe yara suka kai batirin caji a kan babur.

Duk da haka, in na shiga Kano na ga irin waccan ta ukun ta wuce, har yanzu nakan bi ta da kallo sai ta sha kwana.

Haza wasalam.

Naka,
Tsohon Malamin Makaranta, Kunci.