Trondheim: Garin da ɓera ke yawo da madubin bincike a ka

Idan tafiya ta kai ka Trondheim a ƙasar Nowe cikin Disamba, mai karatu, ka riƙe rigar sanyi mai kauri, domin hasken rana ba ya kai awa biyar. Kogin Nidelva ya ratsa garin, tsofaffin rumbunan katako masu fenti ja da rawaya sun jeru a bakinsa. Nan baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Kai dai ka wuce zuwa Cibiyar Kavli ta jami'ar NTNU, inda abin kallon ɓeraye ne.

Duk wanda aka taɓa yi wa hoton MRI ya san doka: kwanta, kada ka motsa. To, ƙwaƙwalwar da ke kwance ba za ta nuna yadda take gane hanya ba. Shi ya sa May-Britt Moser da Edvard Moser suka saki ɓera cikin akwati yana tsintar ɓarɓashin cakulan, da siraran wayoyi a ƙwaƙwalwarsa. A 2005 suka bayyana wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke harbawa duk lokacin da ɓeran ya taka wasu wurare, wuraren kuma a jere suke tsaf kamar saƙar zuma. Taswira ce a cikin kai. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2014 tare da John O'Keefe.

A 2022 cibiyar ta fito da Mini2P, madubin bincike da nauyinsa bai kai giram uku ba. Ƙaramin ɓera na ɗauke da shi kamar hula, yana gudu yana hawa, masana na kallon ƙwayoyi sama da dubu suna walƙiya a allon kwamfuta.

Kada ka ce ina ruwan gidanka da ɓeran Turai. Sashen da taswirar take yana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara lalatawa a jikin ɗan Adam. Dattijon da ya shekara arba'in yana zuwa masallacin unguwa, yau ya kasa gane hanyar gida, sau da yawa mukan ce tsufa ne kawai, wasu ma su ce sammu. Ɓacewa a hanyar da aka saba na cikin alamun farko na cutar. Irin wannan dattijo likita ya kamata ya duba shi, kuma a daina barinsa ya fita shi kaɗai.