Shafukan Da Muke Tsallakewa

A ƙasan akwatin yayarmu muka fara cin karo da In Da So Da Ƙauna, bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Daga Jega take karɓo haya, mu kuma mu sace da dare mu karanta da fitilar ƙwai, don a Dangamaji ta wancan lokaci namiji ba ya yarda a gan shi da littafin soyayya. Jiki Magayi kuwa a makaranta muka same shi, shi ba sai an ɓoye ba.

Karatun gaggawa muke yi. Duk inda manya suka zauna shawara a kan asali da abin hannu, sai mu tsallake, mu nemi inda Sumayya da Muhammad za su haɗu. Ranar da Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren Abdulƙadir, kwana muka yi muna tsine wa masu kuɗi.

Bana muka sake neman littattafan biyu, kuma ba nishaɗi ya kai mu ba. Baba ya rasu, maganar auren autarmu ta dawo hannunmu, mu yayyenta maza. Manema biyu ne: ɗan kasuwar albasa daga Aliero mai loda tirela zuwa Kudu, da malamin firamare a Maiyama wanda babur ɗinsa ma na bashi ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da littafinsa a 1991, amma sai ka ce a zaurenmu ya zauna ya rubuta.

Jiki Magayi ya fi tayar mana da hankali. Yana cikin littattafai biyar na farko da suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, John Tafida da Rupert East suka rubuta shi, labarin wani zamani na dawaki da fatake. Muna yara, Abubakar ne gwarzonmu: an ƙwace masa Zainab da dukiya, ya shiga duniya neman ramuwa, mun ce daidai ne. Yanzu muka tsaya muka duba a kan wa ya rama. A kan Kyauta ne, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka yi masa asiri ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Malam Shehu da muke ɗauka mugu tsantsa, ashe mutum ne da tsoron mutuwa babu magaji ya hana shi barci. Ba mu wanke shi ba. Sai dai mun san irin wannan tsoro yanzu, mun gan shi a fuskar abokanmu. Zainab kuwa maza biyu na ja-in-ja a kanta, ita ta ɗauki cikin, ita ta ga ɗanta ya lalace, mu da muke karantawa da fitilar ƙwai ko sau ɗaya ba mu tambayi halin da take ciki ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, in abu ya tsaya, sau da yawa matsalar tana cikin layukan da kowa ke wucewa bai karanta ba. Haka muka koma shafukan shawarar manya, muka ji suna faɗin abin da muka faɗa a zaure da bakinmu: wa zai iya riƙe ta, wa ke da gida. Rijiyar Sumayya ma ta daina zama jarumta a idonmu. Yarinya ce a gida cike da mutane, ta rasa mai saurarenta. Akwai rijiya a tsakar gidanmu, mun san zurfinta.

Zama biyu muka yi da Kawu a kan maganar, ba a kira mai maganar ba. Ran Asabar muka je gida muka aika a kira ta.

"Auta, wa kike so a cikinsu?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. "Yaya, sai yau?" Sannan ta ce ita karatunta na jami'a a Aliero take so ta ƙarasa, saura shekara biyu, wanda zai iya jira ya jira.

Har yanzu ba mu gaya wa Kawu ba. Ya riga ya karɓi buhun albasa.