Buɗaɗɗiyar mota a gidan mai iyali: kafin kuɗi su fita

Idan maigidanki ya fara yawan tsayawa wajen dillalan mota yana shafa wata mai ƙofa biyu wadda rufinta ke naɗewa ya shige but, ko ɗanki da ya soma ɗaukar albashi ya fara turo miki hotunanta ta waya, to ki zauna ki karanta wannan. Kai ma maigida mai wannan niyya, da kai nake. Shekara shida ke nan akwai irin wannan mota a gidanmu da ke GRA a Maiduguri, mu da yara huɗu, don haka ba jita-jita zan ba ku ba.

Motar tana da daɗi, wannan ba a musu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da damina ta ɗauke kuma hazo bai sauko ba, ka sauke rufi bayan la'asar ka bi titunan GRA ƙarƙashin inuwar dogon yaro, sai ka ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinka. Na ga abin da take yi wa maigidana. Mutum ne da ke dawowa daga aiki fuska a ɗaure, amma zagayen rabin awa zuwa wajen filin Polo da dawowa yakan mayar da shi mai fira da yara. A garin da ya sha dokar hana fita da ƙarar bindiga shekara da shekaru, ba na raina duk abin da zai sa mutum ya fita ya shaƙi iska hankali kwance. Na kuma lura idan rufin na buɗe ba ya gudu, domin iska da kanta ke ja masa kunne. Yana jin hon ɗin Keke Napep kafin ya gan shi, kuma tun da aka hana babura a garin nan a 2011 keken ne ya cika kowace kwana. A shingen bincike ma ba a daɗe da mu, jami'i na ganin kowa da komai tun daga nesa.

Wasu kan ƙara da cewa ana samun sinadarin bitamin D daga hasken rana. Gaskiya ne, amma wannan tsakar gidanki ma yana bayarwa da hantsi, kyauta.

Matsalar ita ce wata nawa ne a shekara Maiduguri ke ba ka wannan damar? An ƙera waɗannan motoci ne da tunanin ƙasashen da ake marmarin rana. Mu nan gudunta ake yi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kujerar fata ta zama kamar kaskon suya, ƙarfen bel ya ƙona cinyar yaro. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaudarar iska: tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ɗauka sanyi yake sha alhali ruwan jikinsa ne ke tafiya. Babba zai ji ciwon kai da jiri ya gane. Ƙaramin yaro, wanda jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi, sai dai ki ga ya yi laushi ya daina surutu. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa likitoci sun ce kada a bar shi a rana kai tsaye ko kaɗan. Idan akwai zabiya a gidanku, maganar ta ƙare, domin fatarsa ba ta da kariya kuma rana ce babbar hanyar sankarar fata gare shi. Ko an rufe rufin, na tampol ba ya tare zafi kamar na ƙarfe, na'urar sanyaya mota sai ta yi ta fama, mai na ƙonewa.

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana da laushi kamar garin fulawa, kuma ƙananan ƙwayoyinta na wucewa har cikin huhu. Ɗiyata ta biyu tana da asma, saboda haka a gidanmu doka ce: ranar da aka tashi ba a hango ƙarshen layi, ba a taɓa maɓallin rufi. Ido ma yana shan wahala, ya bushe ya yi ja. Ku tuna kuma muna cikin yankin da sanƙarau ke yawo a lokacin rani, daga Senegal har Habasha, kuma busasshiyar iska mai ƙura tana raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro. Ban ce mota ce ke kawo sanƙarau ba, rigakafi ne maganarsa, amma ban ga dalilin ƙara wa hancin yaro aiki ba.

Akwai illar da ba a cika ambata ba, wato kunne. Likitocin kunne da suka auna a Ingila da Amurka sun tarar idan gudu ya kai wajen kilomita 90 a awa ɗaya rufi na buɗe, ƙarar iska da ta hanya kan haura desibel 85, matakin da idan aka daɗe a cikinsa ji yake raguwa a hankali. A cikin gari ba za ka kai nan ba. Wanda zai kama hanyar Damaturu kuwa, ya rufe, ko aƙalla ya ɗaga gilasan gefe, suna rage ƙarar.

Damina gajeriya ce a nan, amma hadarin Agusta ba ya sallama. Akwai ranar da rufinmu ya tsaya a rabi, bai buɗe ba bai rufe ba, ruwa na zuba, muka dawo gida kamar an tsamo mu daga Ngadda. Man da ke tura rufin ne ya tsiyaye. Mako uku motar na gareji, domin bakaniken da ya san aikin ba shi da yawa, kayan kuma sai da aka nema a Ƙofar Ruwa a Kano aka rasa, aka aika Ladipo a Legas. Rana tana cinye robobin da ke bakin rufi, ƙura tana shiga gaɓoɓinsa, 'ya'yan dogon yaro da kashin tsuntsaye suna ɓata tampol idan an ajiye ta a inuwar da muke alfahari da ita. Kuma motoci ne masu gajeren ƙasa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye unguwanni, har da wani ɓangare na GRA, bayan fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, ya san amfanin mota mai tsayi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Wani zai ɗauka tun da an cire rufi motar ta yi sauƙi. Akasin haka ne. Rufi yana cikin abin da ke riƙe jikin mota, idan babu shi dole a ƙara ƙarfe a ƙasa da gefe, ga injin naɗewa, sai ta fi 'yar'uwarta nauyi da shan mai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san ma'anar wannan a kuɗin cefane.

Yanzu ga inda nake so ku fi ba ni hankalinku. Tsoron da aka fi yi shi ne idan mota ta kife. Masu ƙera ta sun yi aiki a kan haka: tun 1989 Mercedes ta fito da samfurin SL mai wani ƙarfe da ke zabura sama cikin ƙasa da rabin daƙiƙa idan motar za ta juya, kuma yawancin na zamani suna da irin wannan kariya da ƙarfafan ginshiƙan gilashin gaba. Sai dai duk wannan an yi shi ne don mutumin da ke zaune a kujera ya ɗaura bel. Wanda bai ɗaura ba, babu rufin da zai tare shi, titi ne zai karɓe shi.

To ku duba yadda muke amfani da ita. Ranar da aka san kana da buɗaɗɗiyar mota, ka zama na kowa. Ɗan maƙwabci zai yi aure, abokin ƙanenka zai kai amarya, yara sun gama makaranta, ga hawan salla, kowa na son aro na yamma ɗaya. Kun san bikin Borno ba a yin sa da wasa. Kuma ba wanda ke aronta don ya zauna ya ɗaura bel. Samari ne za su ɗare kan murfin but ƙafafu a kujera, wani a tsaye yana ɗaukar bidiyo, direba na wasa da sitiyari don ayari ya gani. Burki ɗaya ya isa. Keke ɗaya ya ɓullo daga lungu ya isa. Maigidana ya yanke cewa ba ya ba da makulli, in biki ya zama dole shi zai tuƙa, kowa a zaune. An kira shi marowaci, wata gwaggonsa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Na gwammace hakan da zuwa gaisuwar mutuwar ɗan wani da motarmu ta yar. Idan ka san ba ka iya cewa a'a ga dangi, wannan motar ba taka ba ce. Haka nan masu barin yara su zura kai ta tagar saman mota suna ɗaga hannu, haɗarin ɗaya ne.

Ga mai iyali kuma akwai lissafin kujera. Ta baya matsattsiya ce, mutum biyu take ɗauka, shigar da kujerar jariri ta ƙofa biyu aikin gumi ne. Yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya, domin jakar iskar gaba na iya yi masa lahani. Mu shida ne, ba mu taɓa shiga gaba ɗaya ba. Buhun shinkafa daga Monday Market ba ya shiga but idan rufi na ciki. Ke kuma uwargida, ki shirya kokawa da lafaya ko mayafi, iska ba ta san sutura ba, kuma jaka da waya a kan cinya a cunkoson Post Office tayi ne ga mai fizge. Ni dai har yau ina jin nauyi idan danja ta tsayar da mu yara masu bara suka kewaye mu, ba gilashi tsakani, kowa na kallon kowa.

Hukuncina shi ne ta yi a matsayin mota ta biyu, ga mai gareji mai rufi da wata motar ta kai yara makaranta. Idan ita kaɗai za ta riƙe gida, kada ki yarda. Wanda ya dage, mai rufin ƙarfe da ke naɗewa, irin wanda SLK ta 1996 da Peugeot 206 CC suka yaɗa, ta fi jure ƙura da wuƙar ɓarawo, ko da yake gaɓoɓinta sun fi yawa. Kafin ka biya, ka buɗe rufin ka rufe sau uku a jere kana sauraron ko yana tsayawa ko yana kuka. Ka sa a rufe, a kwara mata bokitin ruwa kana ciki. Sannan ka ɗaga kafet ɗin but ka sa hannu ka shinshina, domin tun bayan ambaliyar nan duk motar hannu a garin nan sai an duba ta da kyau.