Gadon Ƙiyayya

Turawa suna da wani irin labari da suke matuƙar so, watau labarin mutumin da ya mai da kisan kai sana'a. Wani abin da ya ƙara musu sha'awarsa shi ne abin da ya faru a birnin Landan a shekarar 1888, sa'ad da wani mutum da aka laƙaba wa suna Jack the Ripper ya kashe mata aƙalla 5, ba a kuwa taɓa kama shi ba. Tun daga nan marubutansu suke ta tonon zuciyar irin waɗannan mutane. Tambayar da suka fi yi ita ce: shin da mugunta ake haihuwar mai kisan kai, ko kuwa a gida ake shayar da shi ita?

Ba sai mutum ya je Ingila neman amsa ba. Bayan gasar rubutu ta 1933, Hukumar Talifi ta Zariya ta buga wani ɗan littafi mai suna Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa da Dokta R. M. East suka rubuta. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya karance shi cikin dare biyu ko uku.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani saurayi Abubakar yana son wata yarinya Zainabu, sai attajiri Malam Shaihu ya kasa shi da dukiya, ya aure ta. Abubakar bai haƙura ba. Ya shiga duniya neman asirin da zai rama, ya sha wuya ba kaɗan ba, har ya samu. Amma da ya tashi ramuwa, bai auka wa wanda ya ɓata masa ba, sai ya auka wa ɗansu Kyauta, yaron da ba a ko haifa ba lokacin da aka yi rigimar. Kyauta ya lalace, ya zama gawurtaccen ɓarawo, daga bisani ya shiga wani gida sata ya kashe maigidan. Ashe ubansa ne.

To, a nan ya kamata mai karatu ya dakata ya yi tunani. Hannun Kyauta ne ya yi kisan, amma ba a zuciyarsa aka fara ƙulla shi ba. Manya ne suka ci bashin tun yana cikin duhun ciki, shi kuwa aka bar shi da biya. Kwaɗayin attajiri da riƙon saurayi su suka haɗu suka ƙera mai kisan kai, kamar yadda maƙeri yake haɗa wuta da guduma ya fid da wuƙa.

Mutumin Tozai, ko na kowane gari a ƙasar Illela, can bakin iyaka kusa da Birnin Ƙonni, ba zai ɗauki wannan a kan tatsuniya ba. A watan Oktoba na 1933 babu wanda zai yi zaton kasuwa za ta zama fagen yaƙi, amma a watan Oktoba na 2021 haka ta faru. 'Yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Watan bai ƙare ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, suka hallaka fiye da mutum 40. A watan Nuwamba kuma masifar ta faɗa wa ƙauyukan Illela. Kowane ɓangare yana riƙe da jerin matattunsa, yana cewa ramuwa yake yi, alhali mafi yawan waɗanda suka mutu masu saye da sayarwa ne kawai, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Waɗannan mamata sun bar marayu, na manoma da na makiyaya. Yaron da yake shekara 7 a lokacin, ba da daɗewa ba zai isa riƙon makami. Abin da zai zama ya rataya ƙwarai a kan abin da kakarsa take raɗa masa da dare. Ba a ce a ɓoye masa gaskiya ba, gama ɗa yana da hakkin sanin yadda ubansa ya rasu, da sunansa, da halayensa na kirki. Amma akwai bambanci tsakanin a ce masa, "Azzalumai suka kashe ubanka, ka yi masa addu'a," da a ce masa, "Ƙabila kaza ce ta kashe shi, kada ka manta." Maganar farko tarihi ce, ta biyu kuwa asirin Abubakar ne aka sāke ɗura wa wani Kyauta.

Shari'a ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, hukuncin kisa kuma aikin alƙali ne da hukuma, ba na ɗan marigayi ba. Wajibi ne hukuma ta kama mai laifi ta hukunta shi, domin inda aka rasa adalci nan riƙo yake yin saiwa. Amma abin da za a bar wa yaro gado, wannan yana hannun mutanen gida. Wanda ya iya karatu, ya tara iyalinsa ya karanta musu labarin Kyauta, sa'an nan ya tambaye su wa ya kashe Malam Shaihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.