Barin ƙwaya daban, warkewa daban

A Dungas da ƙauyukanta, yawancin samarin da na sani aiki ne ya kai su ga tiramol. Mai ƙwadago yana so ya gama noman gona kafin azahar, mai koran dabbobi yana so ya kwana yana tafiya, ɗan kabu-kabu kuma yana so ya wuni yana keta rairayi ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ba tare da bayansa ya ƙage ba. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, da damina kuma yana ƙwadago. Da ya yanke shawarar dainawa, abin da ya fara tambayata shi ne: "Yaya, to da wane ƙarfi zan nemi abinci?"

Tiramol maganin ciwo ne na gaske, wani kamfanin Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a wuni. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa akwai mai 120, mai 200, har mai 225, yawancinsa daga Indiya, yaro ya haɗiye biyu ko uku da shayin safe. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi, a shekarar ce kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Kuɗin tiramol ya tashi, amma a gari na bakin iyaka mai nema bai rasa ba.

Makon farko na dainawar ƙanena na gan shi da idona. Gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gudawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri guda. Da dare sai ya tashi ya yi ta zagaya tsakar gida, Inna na biye da shi da kwanon kunun tsamiya tana cewa, "Daure ka kurɓa, ɗan nan." Wani ma'aikacin lafiya ne ya nuna mana a riƙa rage masa sannu-sannu, ya kuma ja mana kunne cewa mai haɗawa da diyazefam kada ya yanke rana ɗaya, don yana iya jawo farfaɗiya.

Da jiki ya lafa aka yi sadaka, dangi suka ce an rabu da ƙaya. Ashe nan aikin ya soma. Tiramol yana taɓa zuciya kamar yadda yake taɓa jiki, saboda haka watanni suka biyo baya na ƙunci da saurin fushi, ga kasala. Babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, amma mutumin da muka sani bai dawo ba tukuna. Masu ba da shawara suka yi ta cewa a kai shi gidan mari. Baba ya ƙi, don labarin abin da ƴan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ya iso mana, mutane ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo. Sarƙa tana hana hannu kai ƙwaya baki, amma ranar da aka kwance ta mutum zai koma ga babur ɗinsa da bashinsa da abokansa na da, bai koyi yadda zai zauna da su ba.

Abin da na fahimta a zaman da na yi da shi, warkewa ita ce mutum ya yarda da gwargwadon jikinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Ya koyi ajiye babur da la'asar ko da fasinja na kira, ya koyi dawowa da jika biyu a ranar da a da yake kawo uku, bai kuma ɗauki kansa rago ba. Wannan ya fi masa ciwo a kan gudawar makon farko, don a fada ana auna namiji da abin da ya shigo da shi. Fadar ma dole ya sake ta. Ba faɗa ya yi da kowa ba, ya dai koma shan shayi a ƙofar wani tela inda hira ba ta wuce ƙwallo da farashin riɗi.

Ya taɓa komawa shan ƙwaya, bayan kaka, a wani biki. Nan ne haɗari ya fi yawa, don jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da, abin da yake sha lafiya lau bara yana iya kayar da shi bana. Washegari da kansa ya faɗa wa Inna. A wurina wannan faɗar ta fi watannin da ya yi bai sha ba nauyi, tunda a shekarun shansa ƙarya ce abincinsa. Baba bai ɗaga murya ba. Da mako ya zagayo sai ya damƙa masa kuɗin buhun wake ya ce ya kai wa kawunmu a Magarya, ya kai su cif, ya dawo da saƙon godiya.

Akwai laifin da ke wuyanmu mu masu ɗaukar ƴan ƙwadago. Muna yanka ladan gona bisa saurin wanda ya sha, sai wanda ya daina ya zama shi ne mai nawa, a bar shi a bakin kasuwa a ɗauki wani. Daminar bana masu gona da dama sun tsallake ƙanena saboda haka. A gonarmu yanzu ladan wuni muke biya, a tashi da azahar a sha fura, noman da ake gamawa a wuni biyu ya kai uku.