Yawa Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Ranar da malaminmu na fassara ya mayar mini da takardata, sai na tarar ta sha jan biro. Jimloli huɗu na Turanci ya ba mu, masu ɗauke da aikatau abound, teem, swarm da brim. Ni kuwa duk na fassara su da "akwai da yawa". A ƙasa ya rubuta cewa in iyakar Hausata ke nan, lalle fatara ta kama ni.

Maganar ta yi mini ciwo, don haka na shiga laburare neman asalin kalmomin. Ashe abound daga Latin take, tushenta igiyar ruwa, wato abu ya yi ambaliya. Teem a tsohon Turanci haihuwa take nufi, ana faɗinta ga kogin da kifi ya yawaita a ciki. Swarm ta taron ƙudan zuma ce, brim kuwa cikar mazubi har baki.

Da na je gida hutu, sai na ji kakata tana cewa rumbu ya cika maƙil, randa ta cika fal, fara ta sauka birjik, kasuwa ta cika tinjim. Nan na gane cewa bambancin da Bature ke zubawa cikin aikatau, Bahaushe a amsa-kama yake yawan ajiye shi. Tsohuwar da ba ta taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ba, ita ta gyara mini takardata.

To, 'yan'uwa ɗalibai, kafin mu ce Hausa ta kasa, mu koma gida mu kasa kunne.